Ni Na Laƙaba Masa Tangaɗi

Ina tsaka da yi wa malamin makarantar layinmu gyaran fuska, reza tana daidai maƙogwaronsa, sai muka ji tim a bakin titi. Na leƙa ta ƙofar shago. Direba ne a yashe, rabinsa a kan dakali rabinsa a ƙasa, takalmi ɗaya ya yi nasa wuri, yana ta lalube da hannu yana neman abin da zai dafa. Da rana tsaka fa, ko sha biyu ba ta yi ba.

Na ce, "A'a, Malam Tangaɗi! Yau kuma tun da wuri aka fara?"

Mutanen da ke kan bencina suka tuntsire da dariya, har malamin ya kusa yanka kansa da rezata. Kafin rana ta faɗi sunan ya zagaye layin. Ni na laƙaba masa, ba kowa ba. Ni mai aski ne, bakina kuwa ya fi rezata kaifi, kuma a lokacin abin alfahari na ɗauke shi.

Direba yayan Mai Burodi ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara ashirin da shida yana jan babbar bas, ko kaza bai taɓa takawa ba. Rannan sai ya hau kan gefen titi da fasinjoji cike, ya ce wallahi ƙafarsa ce ba ta ji birki ba. Da aka fito da shi yana layi, harshensa ya yi nauyi, magana tana fita a hargitse. Me kake jira mutane su ce? Aka kore shi a ranar. Matarsa ta daɗe da rasuwa. 'Yarsa tilo tana aure a wani gari, da labari ya kai kunnen dangin mijinta sai ta rage kira, daga baya ta daina. Ƙanensa ya ba shi wani ɗan ɗaki a bayan gidan burodi, jikin wurin ajiye buhunan fulawa, inda ko bargonsa ka kaɗa sai farar ƙura ta tashi. Da safe burodi da shayi, da rana taliya, da yamma burodin da ya yi kwantai. Mai Burodi yana faɗa wa duk mai kunne, "Yayana ba ya kwana da yunwa a gidana." Gaskiya ne kuma.

Jerin shagunan da ke tsallaken titi ma na Mai Burodi ne, har da wanda nake ciki. Ku riƙe wannan.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa bencin nan ba. Mai aski shi ke sa hancinsa a bakin kowa. Na san wanda ke shan taba a ɓoye, na san wanda ke tauna alewa don ya rufe wari. Duk sati biyu Direba yana zama a kujerata, fuskata dab da tasa, kuma ko sau ɗaya ban taɓa jin warin giya ba. Abin da nake gani daban ne: wasu ƙuraje masu ruwa a ƙeyarsa da gwiwar hannunsa, yana susa har jini, gefen bakinsa a tsage kullum, cikin idonsa fari fat, gashinsa yana biyo tsintsiyar aski ko ban sa inji ba. Na sani sarai. Amma dariyar benci ta fi daɗi, ita ke tara mini masu aski.

Malamin makarantar ne ya ji tausayi ya ɗauke shi a mota zuwa babban asibiti. Suka yi ta kai da kawo kusan wata guda, yau ɗibar jini, gobe a zura masa wani abu ta baki a duba hanji. Wata rana da hantsi, shago ba kowa, sai ga Direba ya shigo yana bin bango. Ya zauna, ya zaro takarda daga aljihu.

"Karanta mini, mai aski. Idona rawa yake, layi ɗaya biyu nake gani."

Na karanta. Jerin abubuwa ne: alkama, fulawa, burodi, taliya, biskit, kek, duk an ja musu layi. A ƙasa allurai da ƙwayoyi, sai wani rubutu da aka zagaye da jan biro.

Na ce, "To, kai me likitan ya ce maka da baki?"

"Ka san danƙon nan da ke sa ƙullun fulawa ya yi ta ja kamar roba? To shi ne. Ya ce ga kowa abinci ne, ga ni kuwa jikina abokin gaba ya ɗauke shi. Duk lokacin da na ci, sai ya kankare mini cikin hanji. Yanzu hanjina ya zama sudaddiyar taya, ba ya kama komai. Abinci ya shiga ya wuce, bitamin ɗin da jijiyoyi ke rayuwa da shi ba ya tsayawa." Ya buga cinyarsa. "Wayarin mota ne ya ci wuta, mai aski. Injin lafiya lau. Shi ya sa ban ji birki ba."

Sai ya fashe da kuka, babban mutum mai furfura. "Da ya ce mini, 'Baba, na san ba ka sha,' wallahi ji na yi kamar in ɗauke shi in goya."

"Ana warkewa?"

"Ya ce in na bar alkama kwata-kwata, ko ɗan ɓarɓashi, na kuma yi alluran, abin zai tsaya, wani ma ya dawo. In na ci gaba kuwa..." Ya juya tafin hannu. "Wannan na jan biron, cewa ya yi abin yana bin jini. A gwada 'yata."

Ya tura mini takardar. "Ajiye mini a nan, ɗakina fulawa ce da ɓeraye. Kuma don Allah ka riƙe bakinka. Ka san ƙanena. Bari in nemo yadda zan gaya masa a hankali."

Na ce, "Haba Direba, ni yaro ne?" Na sa ta a durowar da nake ajiye reza.

Ya samo ɗan risho da tukunya ɗaya. Shinkafa, wake, ƙwai, dankali. Ya ce wa matar ƙanensa haƙori ke damunsa, burodi na maƙale masa. Duk ranar allura malamin yana kai shi. Sati biyar, wallahi kamar an canja mutum. Gudawar da ta shekara uku tana wahalar da shi ta tsaya, ƙurajen ƙeya suka bushe, na ga jini-jini a cikin idonsa. Ranar da ba zan manta ba ita ce ranar da ya tsallako titi bai dafa kowa ba, ya tsaya a ƙofata yana dariya yana ɗaga ƙafa ɗaya.

"Mai aski! Tsakuwa! Akwai tsakuwa a takalmina, na ji ta!"

Ya ƙi cire ta. Haka ya wuni yana taka ta, yana cewa wata mai zuwa zai je da ƙafarsa ya kai wa 'yarsa takardar, ta gani da idonta.

To, baki shi ke yanka wuya, amma ba dole wuyan mai shi ba. Ranar wata Asabar benci ya cika, wani mai gyaran famfo ya hango shi ya ce, "Kai, Tangaɗi ya tuba ke nan? Ko kuɗin sha ne suka ƙare?" Maganar ta taso mini tun daga ciki. Zan iya ce muku don in wanke shi na yi. Ƙarya ne. So nake a ce a bakina aka fara ji.

Na ce, "Ku kuna nan kuna hauka. Ba giya ba ce, burodi ne! Likita ya rubuta, ni na karanta da idona."

Na yi ƙoƙarin bayani, danƙo, hanji, jikinsa shi kaɗai. Wa ya tsaya ji? Magana zarar bunu. Kafin la'asar ta zama burodin gidan nan yana shanye ƙafa. Washegari ta zama ana zuba masa wani magani don ya kumbura. A kwana na uku masu shayi suka daina zuwa, makaranta ta mayar da tiren burodi goma cif, mata suna fizge 'ya'yansu in sun nufi kantar. Ƙamshin burodi ya cika layin, ba mai saye.

A kwana na huɗu Mai Burodi ya shigo shagona. Gajere ne mai kauri, fulawa har cikin girarsa. Bai yi sallama ba. Ya zauna a kujera ya kalle ni ta madubi.

"Yi mini aski."

Na ɗaura masa ƙyalle.

"Shekara nawa kake a shagon nan?"

"Sha tara, ranka ya daɗe."

"Na taɓa tashinka?"

"A'a."

"Ina takardar?"

Durowar tana jikin gwiwarsa. Na ce, "Na ƙona ta."

"Ka kyauta. Gobe kuma za ka gaya wa bencinka cewa ƙarya ka yi. Da bakin da ka kunce, da shi za ka ɗaure. In ba haka ba, akwai mai sayar da waya da ke roƙona wurin nan." Ya miƙe da rabin aski, ya cire ƙyallen ya yar a ƙasa.

Washegari ƙarfe bakwai na safe, lokacin da layin ya fi cika da masu zuwa aiki, aka fito da tebur da kujera aka ajiye a ƙofar gidan burodi. Aka ɗora burodi mai zafi guda, babba, da kofin shayi. Mai Burodi ya fito riƙe da hannun yayansa, ya zaunar da shi. Mutane suka fara tsayawa.

"Jama'a, ga wanda aka ce burodina ya shanye. Shekara uku ina ci da shi. Yaya, bismillah."

Direba ya yi ƙasa da murya, amma ina ji daga ƙofata. "Ƙanena, ka yi wa Allah. Ba burodinka ba ne, jikina ne. Bari in yi musu bayani da kaina."

"Bayani? Mutum goma sha biyu ke ci a ƙarƙashin tanderun nan, ka kashe mana shi da bayani. Ci mana, Yaya. Ko guba nake ba ka?"

"Likita ya ce..."

"To ka kwashe tsummokaranka ka je likitan ya ba ka ɗaki! Ko ka tafi wurin 'yar taka, in za ta buɗe maka ƙofa."

Nan Direba ya ɗago kai ya tsallako titi da ido, ya same ni. Duk layin suka juyo suna kallona, Mai Burodi ma haka. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa, in ji masu magana. Ni ban tsaya a shafa ruwa ba, fetur na ƙara wa nasa.

Na ɗaga murya na ce, "Ku rabu da ni, jama'a, wasa nake! Wane likita? Mutumin da nake yi wa aski ina toshe hanci?"

Aka kwashe da dariya. Direba ya daɗe yana kallona. Sannan ya sa hannu ya gutsiri burodin, ya tsoma a shayi, ya kai baki. Ya cinye shi tas, mutane suna tafi.

A ranar aka ɗauke rishon, wai kada ya ja musu gobara kusa da buhuna. Malamin makarantar ya je ya yi magana, Mai Burodi ya tambaye shi ko shi ma ɗan gidan ne. Malamin ya ci gaba da zuwa kai Direba allura na ɗan lokaci, har Direba da kansa ya ce masa ya bari, zuba ruwa ne a kwando.

Ciniki kuwa ya dawo, har ya fi da. Teburin ya zama abin kallo, kullum ƙarfe bakwai. Masu jiran mota suna tsayawa. "Tangaɗi, ƙara ɗaya!" "Tangaɗi, a kawo maka kwalba ka kora?" Wani har hoto yake ɗauka da waya. Ni ma bencina ya cika, don daga shagona aka fi gani da kyau. Na ci wannan cinikin, ban mayar da kowa ba.

Wata huɗu aka yi haka. Ina kallo ƙurajen suka dawo, wandonsa ya koma yana ɗaure shi da igiya, shayi yana zuba a rigarsa kafin kofi ya kai baki. Daga dafa bango ya koma sai an riƙo shi. Maganarsa ta dagule, wani lokaci ya kira ƙanensa da sunan babansu. In ya haɗiye loma sai ya yi ta tari. Tsallako titi ya gagare shi, gashinsa ya yi buzu-buzu, har Mai Burodi ya aiko a ce in je in gyara shi, yana kore masa masu saye.

Na same shi a ɗakin, zaune a bakin katifa. Wurin yana warin zawo da fulawa. Na gaishe shi. Na fara aski da almakashi. Kansa yana ta karkarwa, dole na tallafe haɓarsa da hannu ɗaya. Da na sunkuyo zan gyara gashin baki, sai ya huro mini numfashi a fuska, a hankali, da gangan.

"Ka ji wari?"

Na ce, "A'a, Direba."

"To."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na fara cewa, "Ka yafe mini, shagon nan shi ne..." Ya ɗaga hannu.

"Takardar. Ka ƙona da gaske?"

"Tana nan."

"In yarinyar ta zo, ka ba ta." Ya daɗe yana harhaɗa sauran maganar. "Ba don sunana ba. Wannan ya riga ya tafi. Jan biron nan. Tana da 'ya."

Na ce, "Wallahi zan ba ta." Na rantse, ku shaida.

Bayan kwana tara, ƙarfe bakwai da 'yan mintuna, malamin makarantar yana kujerata da kumfa a fuska, muka ji dariya ta tashi a tsallake. Direba ne ya miƙe tsaye daga teburin da kansa, abin da ya yi wata bai yi ba. Yana ɗaga hannu sama, yana buga ƙirji, bakinsa a buɗe ba sauti, yana juyi a wuri ɗaya.

"Kai! Yau har da rawa!"

"An sha ta gaske yau!"

Ya yi taku biyu, ya tafi da baya, ƙeyarsa ta daki gefen dakali. Tim ɗin nan dai, irin ta farko. Aka ƙara shewa. Malamin ne ya ture ni ya fita a guje da ƙyallena a wuya, yana ihu, "Shaƙewa ya yi, ku matsa, 'yan banza!" Ya zura yatsa ya zaro lomar, ya danna ƙirji, ya yi duk abin da ya sani. Dariyar ta riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Mai Burodi ya fito yana goge hannu, ya tsaya a kansa, ya ce, "Innalillahi. Na yi iya ƙoƙarina a kan Yaya, Allah ya gani." Kafin azahar an shigar da teburin ciki.

'Yar ba ta samu jana'iza ba, sai a kwana na uku ta iso. Gidan a cike yake da masu gaisuwa, sai ta tsallako shagona da wata 'yar yarinya a hannu, mai kamar shekara huɗu. Ta durƙusa ta gaishe ni.

"An ce kai ne kake yi wa Baba aski."

"Ni ne, 'yata. Zauna."

Ta zauna a kujerar aski don benci da rana. Siririya ce, idonta fari fat. Gefen bakinta a tsage. Tana magana tana susar gwiwar hannu ta cikin mayafi, ba ta ma san tana yi ba. Yarinyar kuma ƙafafu kamar tsinke, ciki a gaba. Shekara talatin ina kallon fuskokin mutane, ba sai an karanta mini jan biro ba. Gwiwarta tana taɓa durowar.

"Baba mai aski, don Allah kada ka ɓoye mini. Shekara uku ban neme shi ba. In ƙarya aka yi masa, ban san inda zan sa kaina ba. Da gaske yana sha?"

Na miƙa hannu wajen durowar. Wallahi na miƙa, har na taɓa marikin. Sai ƙofa ta yi duhu. Mai Burodi ne, da leda a hannu, burodi biyu masu zafi.

"Ashe kina nan. Tun safe ba ki sa komai a cikinki ba, ga wannan ku taɓa ke da 'yar." Ya juyo gare ni. "Mai aski, tambayarka take yi. Ba ta amsa mana."

Na janye hannuna na ɗauki tsintsiyar aski. Na ce, "Allah dai ya gafarta masa, 'yata. Kowa da jarabawarsa."

Ta rufe ido, ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Sauƙi ta ji, na gani a fuskarta, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Ta ce, "Amin. Na gode, Baffa, da ka riƙe shi duk da haka," tana duban Mai Burodi. Ta buɗe ledar, ta gutsiri tsakiyar mai laushi, ta hura, ta sa wa yarinyar a baki, sannan ta gutsiri nata.

Motar ƙarfe biyu suka bi. Da na zo shara, ɓarɓashin burodi ya gauraya da gashi a ƙarƙashin kujera, na haɗa na kwashe. Durowar kuwa na daina ajiye reza a cikinta. Na saya musu wani ɗan gwangwani, yana nan a gaban madubi.